Tsohuwar amfilifayar jita mai bawul: wanne za a canza, wanne za a bari?

"Assalamu alaikum Malam. Na gaji wata tsohuwar amfilifayar jita daga wajen baffana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi kiɗa da wata ƙungiya tun kafin a haife ni. Fender Deluxe Reverb ce mai baƙar fuska, kuma ta fi shekara goma a ajiye a ɗaki. Da na kunna ta tana kawo sauti, amma da gurnani, idan ta ɗauki zafi kuma sai ta fara ƙaraf-ƙaraf, ga shi ƙarfinta bai kai yadda nake zato ba. Bawul tara na ƙirga a ciki. Wani abokina ya ce in cire su duka in sa sababbi. Wani kuma ya ce sababbin yanzu ba su da amfani, in nemi tsofaffi na asali ko nawa ne. Wanne zan saya, kuma ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan baffa, Ya sa ya huta. Ƙanena, abin da ya bar maka ba ƙaramin abu ba ne, don haka ka dakata da kunna ta har ka gama karanta wannan.

Idan na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko, shin gurnanin da ƙaraf-ƙaraf ɗin da raunin sautin daga bawul suke, wato kwalaben gilashin nan da ke cikinta? Ta biyu, idan canji ya zama dole, tsoho za ka nema ko sabo? Abokanka sun tsallake ta farkon sun faɗa ta biyu, alhali ta farkon ce za ta nuna inda kuɗinka zai tafi. A amfilifayar da ta daɗe haka a ajiye, abin da na saba gani a kan teburina shi ne cikin taran nan biyu ne ke neman canji, wani lokaci uku, wani lokacin ma ko ɗaya babu. Sauran laifin na wasu kaya ne da ba a ganin su sai an buɗe ciki. Wanda ya fara da sayen bawul tara ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da ke hannunka

Kamfanin Fender ya yi Deluxe Reverb mai baƙar fuska, wato mai baƙin allon makunnai a gaba, daga 1963 zuwa 1967 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Ƙarfinta wat 22 ne, da lasifika ɗaya mai inci 12. Ka leƙa cikin akwatin ta baya, a jikin katakon gefe za ka ga wata takarda da tsufa ya sa ta yi ja, an zana jerin bawul ɗin da lambobinsu a kai. Kada ka ɓare ta. Tana ɗauke da lambar tsarin wayoyin, galibi AB763, da wasu haruffa biyu da aka buga da tawada. Harafin farko shekara ce: N 1964, O 1965, P 1966, Q 1967. Na biyu wata ne, A Janairu, B Fabrairu, haka har zuwa L. Idan ka ga OC, to a watan Maris na 1965 aka haɗa ta.

Ka tsaya a bayanta ka fara ƙirga daga hannun dama. Ƙananan nan shida masu hular ƙarfe su ke gina sautin tun yana ɗan ƙarami. Na ɗaya 7025 ne, na layin da aka rubuta wa Normal. Na biyu shi ma 7025, na layin Vibrato, inda yawancin makaɗa ke sa wayarsu. Na uku 12AT7, shi ke tura sauti cikin tankin amsa-kuwwa. Na huɗu 7025, shi ke karɓo amsa-kuwwar ya gauraya ta da sautin asali. Na biyar 12AX7, na rawar sauti. Na shida 12AT7, shi ke raba sautin gida biyu ya miƙa wa manyan. Sai manya biyu, 6V6GT, su ke ba lasifika ƙarfi. Can ƙarshen hagu kuma akwai GZ34, wanda ba sauti yake ɗauka ba, aikinsa juya wutar AC zuwa DC.

Kada lambobin su ruɗe ka a wajen saye. 7025 shi ne dai 12AX7 da aka yi don ya rage hayaniya, a Turai kuma ana rubuta masa ECC83. 12AT7 shi ne ECC81. GZ34 shi ne 5AR4 a wajen Amurkawa.

Kafin a taɓa bawul

Gurnanin da kake ji, ka lura ko yana bin makunnin ƙara. Idan ka rufe ƙarar layukan biyu gaba ɗaya amma yana nan daram, mafi yawan lokaci manyan kafasitocin tace wuta, wato kayan da ke tara wuta su daidaita ta, su ne suka bushe. Suna ƙarƙashin wani murfin ƙarfe a jikin shasi, wato akwatin ƙarfen da wayoyin ke ciki, masu rigar kwali, maikrofarad 16 a bolt 450. Ruwan magani ne a cikinsu, kuma ba a yi su don su kai shekara sittin ba. Ajiya ma ta fi aiki lalata su. Akwai kuma wata 'yar kafasita guda a layin bayas, wato wutar da ke ƙayyade yawan wutar da manyan bawul ke ja, ita ce ta fi ba ni tsoro a duk amfilifayar, domin ranar da ta mutu manyan bawul biyun za su ja wuta ba linzami har farantinsu, wato baƙin ƙarfen da ke cikin kwalbar, ya yi jajawur, kuma suna iya tafiya da taransifoma. Ka sa sababbin bawul masu tsada a kan wannan tsohuwar kafasitar, cikin mintoci ka yi asararsu.

Raunin sauti kuwa sau da yawa daga ƙananan kafasitocin katod yake, masu maikrofarad 25. Idan suka bushe sautin sai ya sirance, ya rasa jiki. Ƙaraf-ƙaraf bayan ta ɗauki zafi yana da gida uku da nake fara dubawa: ramukan soket da suka yi datti ko suka saki, tsofaffin rezistocin gawayi masu om dubu 100 da ke kan farantin ƙananan bawul, da rezistoci masu om 470 da aka liƙa a kan soket ɗin manyan. A tsarin Fender bawul a kife yake, kansa ƙasa, don haka duk zafin 6V6 sama yake hawa ya gasa waɗannan rezistocin shekara da shekaru. Na sha taɓa ɗaya da tsinke ya rabe biyu, alhali da ido lafiya lau yake. Ƙurar hunturu ta shekara goma kuma, ka san inda ta shige.

Wannan aikin ba naka ba ne, sai dai in ka san lantarki sosai. Akwai sama da bolt 400 a cikin shasin nan, kuma kafasitoci na iya riƙe wuta ko bayan an zare waya daga bango. Ka kai wa mai gyara, zai fi kyau dattijon da ya taɓa gyaran rediyo ko talabijin mai bawul. Ka ce masa ya canza kafasitoci masu ruwa duka, ya auna rezistoci ya canza waɗanda suka kauce, ya wanke soket ya matse ramukan. Amma ka tsaya a kansa kada ya cire shuɗɗan kafasitocin nan da ke kan allo sai wadda aka auna aka ga tana yoyon wuta, domin da wuya suke lalacewa kuma suna daga cikin abin da ke ba amfilifayar daraja. Ya kuma cire tsohuwar wayar wuta mai baki biyu ya sa mai baki uku, ya cire kafasitar da ke kan makunnin Ground. Igiyoyin jitarka a haɗe suke da shasi ta cikin waya, duk wutar da ta zubo wa shasi hannunka za ta samu. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, wutar jita ce ta yi ajalinsa a gidansa a 1976.

Kunnawar farko bayan gyara a yi ta da kwan fitila mai zare a jere da layin wuta. Idan akwai gajeriyar hanya a ciki, kwan ne zai haska ya shanye wutar, taransifoma ta tsira. Kuma ko da wasa kada a kunna ta lasifika ba ta jone.

Gwajin da za ka iya yi da kanka

Bayan an gama wancan, sai a zo kan bawul. Ka kashe, ka bari su huce, ka zaro su ɗaya bayan ɗaya kana ɗan jijjigawa a hankali, kana rubuta gurbin kowanne. A saman kowace kwalba ko gefenta akwai wani tabo mai sheƙi kamar madubi. Idan yana nan da sheƙinsa, iska ba ta shiga ba. Idan ya koma fari fat kamar an barbaɗa alli, kwalbar ta tsage, wannan ya gama aiki.

Ka mayar da su, ka kunna, ka ɗan buɗe ƙara, ka ɗauki fensir ka ƙwanƙwasa kowanne a hankali. Ɗan "tin" kaɗan a na ɗaya da na biyu ba komai ba ne. Wanda ya amsa da ƙara mai tsawo, ko ya fara fito shi kaɗai, ko ya yi tartsatsin sauti, shi ne mai matsala. Sa'ar da ka yi ita ce kana da bawul iri ɗaya har huɗu a ciki, saboda haka musanya ta ishe ka gwaji. Idan layin Vibrato na huci, ɗauko na ɗaya ka sa a gurbin na biyu. Hucin ya tafi, ka kama mai laifi. Yana nan, to ba bawul ba ne. Na ɗayan ma, idan ba ka amfani da layin Normal, za ka iya cire shi ka ajiye a matsayin safaya, amfilifayar za ta yi aiki, layin Vibrato ma ya ɗan ƙara ƙarfi.

Da daddare ka kashe fitilar ɗaki ka kalli manyan biyun. Jan zaren da ke tsakiya daidai ne. Ɗan shuɗin haske a jikin gilashi shi ma ba laifi. Abin gudu shi ne baƙin farantin kansa ya fara yin ja, ko ka ga hasken shunayya a tsakanin ƙarafunan ciki. Ka ga haka, kashe nan take.

Manyan biyun: nan ne zaɓi yake da nauyi

6V6 tsohon bawul ne, tun wajen 1937 yake kasuwa, kuma an yi shi ne don rediyon gida da na mota. A takardar masu ƙera shi, iyakar wutar farantinsa ba ta wuce bolt 350 ba, zafin da zai iya ɗauka kuma wat 12, ko 14 a wasu nau'o'in. Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, ya ɗora masa bolt 415 a zanen Deluxe Reverb, da wutar yau kuma yakan haura haka. Wannan matsin ne ya ba ta sautin da ake so, shi ne kuma dalilin da ya sa take cin raunanan bawul. Don haka tambayar farko a kan duk 6V6 da za ka saya ita ce zai jure wannan wutar ko ba zai jure ba. Daɗin sauti a baya yake zuwa.

Cikin waɗanda ake ƙerawa yau, JJ 6V6S na ƙasar Silobakiya ne ya fi taurin kai. Kwalbarsa ta fi ta asali girma, an ƙayyade masa wat 14, kuma yana ɗaukar wutar Deluxe Reverb ba tare da wahala ba. Sautinsa ya fi tauri da kauri a ƙasa, ba ya saurin fashewa, har wasu na cewa ya fi kusa da 6L6. Tung-Sol 6V6GT da Electro-Harmonix na yanzu, waɗanda ake yi a Rasha, su ma suna jurewa, kuma a kunnena sun fi kusa da laushin tsofaffin. Ga mai kiɗan biki da za a loda amfilifayarsa a mota a kunna ta da janareta, JJ nake sa masa. Ga mai kaɗawa a ɗaki ko a sutudiyo, Tung-Sol.

Dole ka saye su 'yan biyu waɗanda aka auna aka ga suna jan wuta daidai da juna. Ɗaya na turawa ɗaya na ja ne, kuma makunnin bayas ɗaya suke rabawa. Idan ɗaya na jan miliamfiya 15 ɗayan na jan 30, duk inda ka murɗa makunnin ɗaya zai yi sanyi ɗaya ya ƙone, ga gurnani a kai. Bambancin miliamfiya biyu zuwa huɗu ba ya damuna.

Abubuwa uku kada ka sa a gurbin nan. Kada ka sa 6V6 mai rigar ƙarfe, wanda babu GT a lambarsa, domin rigarsa a haɗe take da ƙafa ta ɗaya, Fender kuwa ta yi amfani da ramin wannan ƙafar wajen ɗaure wayar bayas. Kada ka sa tsohon 6P6S na zamanin Tarayyar Sobiyet da ake sayarwa da araha da sunan 6V6, ba a yi shi don irin wannan wutar ba. Sai 6L6, wanda za ka ji wasu na cewa yana ƙara ƙarfi. Zai shiga soket ɗin, amma zaren dumamarsa amfiya 0.9 yake ja, na 6V6 kuwa 0.45, wato ka ninka wa taransifoma mai shekara sittin kaya. Taransifomar asali idan ta ƙone an rasa ta ke nan, kuma ƙarin ƙarfin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

Daga nan sai bayas. Wata 'yar wuta ce, wajen bolt 35 ƙasa da sifili, da ake ɗora wa ragar bawul don ta ƙayyade yawan wutar da zai ja lokacin da ba a kaɗa komai. Ya ja da yawa, ya yi zafi ya mutu da wuri. Ya ja kaɗan, sautin ya bushe ya yi kaushi. Kowane sabon bawul da nasa halin, don haka duk ranar da aka canza manyan sai an sake daidaitawa. Akwai amfilifayoyin da ke daidaita kansu ta rezistar katod, irin su Vox AC30 da Fender Champ, amma taka ba ta cikinsu. Makunninta na cikin shasi, ana murɗa shi da sukuddireba.

Lissafin ba wuya. Mai gyara zai sa rezista mai om 1 tsakanin ƙafa ta takwas da shasi, duk milibolt ɗin da mita ta nuna a kanta miliamfiya ne. Sai ya auna wutar faranti a ƙafa ta uku. A ninka miliamfiyar da bolt ɗin, a raba da dubu, a sami wat. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce kada a wuce kashi 70 cikin ɗari na iyakar bawul. A bolt 420, bawul mai wat 12 zai tsaya a miliamfiya 20, mai wat 14 kuma a 23. Ni a ƙasarmu ba na kaiwa nan. Kusan kashi 60 nake tsayawa, wato 17 ga na farko, 20 ga na biyu, saboda zafin gari da kuma wutar da ba ta zama wuri ɗaya. Wanda ya daidaita a kan iyaka da rana lokacin da wuta ta yi ƙasa, idan ta cika da tsakar dare ya riga ya haura.

Idan tsofaffin 6V6 ɗin baffa suka auna daidai da juna, ba su yin ja, sautin kuma ya dawo bayan canjin kafasita, ka bar su. Mai kiɗa kullum yakan cinye manyan bawul cikin shekara ɗaya ko biyu, amma ajiya ba ta cin bawul.

GZ34 da ƙananan

GZ34 ko dai yana aiki ko ba ya yi. Alamar mutuwarsa ita ce tartsatsi a cikin kwalba lokacin kunnawa da fis da ke ta ƙonewa. Idan naka tsohon Mullard ne kuma yana aiki, ka riƙe shi hannu bibbiyu, ba a ƙara yin wanda ya kai shi daɗewa ba. Idan ya mutu, sabon GZ34 za ka sa. Kada ka sa 5U4GB don ka ga wasu masu farar fuska da suka biyo baya da shi suke: zarensa amfiya 3 yake ja, na GZ34 kuwa 1.9. Haka nan ka guji 'yar na'urar nan mai dayod da ake cusawa a gurbinsa, domin tana ɗaga wutar da dama ta yi wa 6V6 yawa, kuma tana sakin ta gaba ɗaya tun bawul bai ɗumama ba. GZ34 a hankali yake kawo wuta. Fis kuma a sa daidai lambar da aka rubuta a baya, kada a naɗa masa waya.

Ƙananan su ne nake roƙonka kada ka zubar. Ba sa wahala kamar manyan, kuma ɗaya na iya yin shekaru da dama yana aiki. Idan ka ga RCA, GE, Sylvania, Mullard ko Telefunken a jikinsu, to abin da abokinka na biyu ke cewa ka nema ko nawa ne, yana hannunka kyauta. Kada ma ka goge rubutun jikinsu da tsumma mai ruwa, yana fita.

Idan sai an saya, gurbi na biyu ne ya cancanci mafi kyau, domin duk hucin da ya haifar sai sauran sun ninka shi. Na huɗu ke biye masa. Na biyar kowane 12AX7 mai rai ya isa, tunda sauti ba ya bi ta cikinsa. A nan ma mutane kan zargi bawul a banza: rawar sautin wannan amfilifayar ba ta tashi sai an jona makunnin ƙafa a baya. Gurbi na uku kuma 12AT7 kawai, domin wuta mai yawa ce a kansa kuma yana zafi, 12AX7 ba zai daɗe a wurin ba duk da ƙafafunsu iri ɗaya ne. Idan kana jin layin Vibrato na saurin fashewa kana son sauti mai tsabta, gwada 5751 a gurbi na biyu. Ninkin 12AX7 ɗari ne, na 5751 saba'in, na 12AY7 wajen arba'in. Wannan canjin ba ya buƙatar daidaita komai, kuma ba ya cutar da amfilifaya.

Tsoho ko sabo

Abokinka na biyu yana da gaskiya ta wani gefen. Lokacin da rediyo da talabijin da jiragen soja duk da bawul suke aiki, masana'antu irin na RCA a Harrison, GE a Owensboro da Mullard a Blackburn ta Ingila miliyoyi suke fitarwa, da tsananin tantancewa. Tiransista ta zo ta kashe kasuwar, RCA ta rufe masana'antarta ta Harrison a 1976, sauran suka bi baya. Yau wurare kaɗan ne suka rage: JJ a garin Čadca, masana'antar Saratov a Rasha, da wasu a Sin irin su Psvane. Sunayen Tung-Sol, Mullard, Sovtek, Genalex da Electro-Harmonix da kake gani a sababbin kwalaye duk daga Saratov suke fitowa, ƙarƙashin kamfanin New Sensor na Amurka. Wato sabon Mullard ba shi ne na Blackburn ba, suna ne aka saya. Wannan ba ya nufin ba shi da kyau. Ƙarancin masana'antun ne ya sa a watan Maris na 2022, da aka shiga takunkumi bayan fara yaƙin Yukren, farashi ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan kwanaki.

Inda abokin naka ya kuskure shi ne zaton duk abin da aka rubuta wa NOS, wato tsohon ajiya da ba a taɓa kunnawa ba, da gaske haka yake. An kwashe shekaru ana tsince masu kyaun. Da yawa cikin abin da ya rage ciro su aka yi daga tsofaffin na'urori aka goge, wasu kuma sababbi ne aka buga musu tsohon tambari. Akwai alamun da ke da wuyar kwaikwayo. Telefunken na gaskiya yana da ɗan lu'ulu'u mai kusurwa huɗu da aka zuba a jikin gilashi tsakanin ƙafafu. Mullard yana da lambobi da aka ƙona a gilashi kusa da gindi, na Blackburn da harafin B layin ƙasa ke farawa. Na Amurka suna ɗauke da lambar masana'anta: 274 RCA, 188 GE, 312 Sylvania. Masu JAN a jiki na sojan Amurka ne, kuma galibi nagari ne. Duk da haka, tambari ba ya gaya maka sauran ran da ke cikin bawul. Ko na'urar gwaji ma, yawancinsu da wutar da ba ta kai ta amfilifayarka ba suke aunawa, kuma ba sa jin huci.

Ga wanda zai yi oda daga waje da dala, ya jira makonni, kuma mayar da kaya ya fi ƙarfinsa, shawarata ita ce manyan biyu ka sayi sababbi daga dillalin da ke gasa su ya auna su ya rubuta lambar awon a kwali. Idan kana sha'awar tsoho, ka kashe kuɗin a kan ƙarami guda ɗaya na gurbi na biyu, wanda zai daɗe kuma a nan ne za ka fi jin bambanci. Tunda kuɗin aikowa ɗaya ne, ka haɗa da 12AT7 guda da 12AX7 guda na ajiya.

Wutar da za ka ba ta

Ka duba bayan shasi. Idan an rubuta bolt 117 kawai, ta kasuwar Amurka ce, kuma tunda ta yi maka aiki na san da taransifomar rage wuta kake kunna ta. Waɗanda aka yi don fitarwa waje suna da makunnin zaɓen wuta, sai ka tabbata yana kan 230 ko 240. Taransifomar rage wuta rabawa biyu kawai take yi, ba ta daidaitawa. Wutar gari ta zo 240, amfilifaya ta sami 120. Janareta ya yi sama, ita ma ta yi sama, kuma duk bolt ɗaya da ya ƙaru a kan 120 ɗin da ke shiga amfilifayar ya zama uku da wani abu a kan farantin 6V6. Ka sa sitabilaiza a gaba, taransifomar kuma ta kai wat 300. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko wutar ta yi daidai ita ce a auna layin dumama bawul: 6.3 ake so, idan ya kusa 7 ana gajarta ran duka taran ne a lokaci guda. Taransifomar da aka naɗa don wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa tana ɗan fin zafi a tamu mai bugu 50, saboda haka kada ka manna bayanta da bango, kada ka bar ta a rana, ɗan fanka a bayanta lokacin bazara yana taimakawa sosai. Idan za a tada janareta ko za a sauya layi, ka kashe ta tukuna.

Daga nesa ba zan iya rantse maka cewa kafasita ce ba bawul ba, sai mita ta hau kai. Abin da na faɗa a kan sautin JJ da Tung-Sol kuma kunnena ne, makaɗa biyu na iya zama a gaban amfilifaya ɗaya su saɓa. Lasifikar da ke ciki ma, da tsayin da ka ɗaga makunnin ƙara, sun fi sunan da ke jikin kwalba tasiri a kan abin da za ka ji. Duk bawul da kafasitar da aka cire, ka karɓe su ka naɗe a takarda ka rubuta gurbin kowanne, domin mai saye ko mai gyara na gaba zai tambaya. Idan mai gyaran ya gama, ka aiko min da wutar ƙafa ta uku, da miliamfiyar kowane 6V6, da wutar layin dumama, da kuma abin da bango ke bayarwa a lokacin da aka auna, sai in duba maka ko bayas ɗin ya zauna daidai.